Nazarin lamari: tsara shafi da bangon littafin gane gansakuka na Birtaniya da Ailan

A shekarar 2010 ƙungiyar masu nazarin gansakuka ta Birtaniya, British Bryological Society, ta fitar da littafin da ake fita daji da shi don gane ire-iren gansakukar Birtaniya da Ailan, mai suna *Mosses and Liverworts of Britain and Ireland: a field guide*. Mutum uku ne editocinsa: Ian Atherton da Sam Bosanquet da Mark Lawley. Shafi 848 gare shi, ya ƙunshi iri wajen 750 daga cikin dubu da 'yan kai da ake samu a tsibiran biyu. Gansakukar da ake nufi a nan ba koren yauƙin da ke rufe kududdufi ba ce. Ƙaramin tsiro ne, galibi mai kara da ganye, marar fure, marar saiwa ta gaske, wanda ke shimfiɗuwa a kan dutse da katanga da jikin itace da ƙasa mai laima.

Littattafan da aka dogara da su kafin nan, irin wanda A. J. E. Smith ya wallafa a 1978, an rubuta su ne don mai zama gaban maikiroskof yana auna ƙwayoyin cikin ganye. Mai amfani da wannan sabon kuwa mutum ne durƙushe a gindin dutse, yayyafi na sauka a kansa, hannu ɗaya riƙe da madubin hannu mai ninka girma sau 10 ko sau 20, ɗaya hannun ya yi sanyi yana ƙoƙarin juya shafi. Daga halin wannan mutum ake auna kowace shawara ta tsari, tun daga girman harafi har zuwa irin gam ɗin da ke riƙe da bango. Abin da ya ƙara wa aikin wuya shi ne ganyen gansakuka da yawa bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba, kuma a idon sabon shiga duk kore ne iri ɗaya.

Iri ɗaya, shafi ɗaya

Babbar shawarar da aka yanke ita ce a bai wa galibin ire-iren shafi guda cikakke, kuma kowane shafi ya bi fasali ɗaya: suna a sama, hoto, taswirar inda ake samunsa, ƙaramin zane, sannan bayani kashi uku, wato yadda ake gane shi, waɗanda suka yi kama da shi, da irin wurin da yake tsirowa. Amfanin wannan maimaici a fili yake. Bayan an buɗe shafi goma ido ya haddace inda komai yake, mai neman taswira ba ya karanta komai kafin ya same ta.

Sai dai tsayayyen fasali yana da tsada. Ana zana shi ne da mafi munin shafi, ba da mafi sauƙi ba. Layin suna, alal misali, dole a gwada shi da *Bryoerythrophyllum recurvirostrum*, harafi 32 cur, ga kuma sunan Ingilishi da za a sa kusa da shi. Wanda ya zaɓi girman harafin kai yana kallon *Bryum argenteum* zai tarar dogon sunan ya karye gida biyu, ya ture hoto ƙasa, bayani ya zubo daga shafin. Haka filin rubutu: iri mai 'yan uwa shida da ke ruɗa mutane yana bukatar kalmomi ninki biyu na wanda ba shi da abokin kama. Maganin da ya fi shi ne a tsara shafin gwaji guda biyar ko shida da rubutu na gaske tun kafin marubuta su duƙufa, a ƙirga kalmomin da suka shiga, a ba kowa iyaka. In an bar abin sai ƙarshe, mai tsarawa zai koma matse layi da rage harafi shafi-shafi, littafi ya fito wani wuri cunkushe wani wuri wayam.

Harafin bayani a irin wannan littafi yakan tsaya tsakanin poyin 8 da 9 (poyin shi ne ma'aunin girman harafi). Ƙasa da haka ba ya karantuwa a inuwar kurmi, balle ga mai sanye da tabarau da ruwa ya fantsama. Sunayen Latin a karkace ake rubuta su, don haka sai a zaɓi salon harafi mai karkatacce na asali, ba wanda kwamfuta ta tanƙwara da kanta ba. A duba lambobi ma da kyau, domin bambancin 1.5 da 15 a tsawon ganye ɗigo ɗaya ne.

Matsala mafi zurfi ita ce jeri. Littafin ya bi manyan rukunai, sannan ya bi dangantaka a cikin kowane rukuni. Daga cikin rukunan akwai dangin *Sphagnum* na fadama, masu tsayuwa a dunƙule waɗanda ƙwansonsu (ɗan ƙoƙon da ke ɗauke da ƙurar da tsiron ke yaɗuwa da ita) ke fitowa a saman kara, da masu yaɗo waɗanda ƙwansonsu ke fitowa a gefe. Masana wannan jeri suka saba da shi. Amma kama a ido ba ta bin dangantaka. *Tortula muralis* da *Grimmia pulvinata* sukan zauna a katanga ɗaya a garuruwan Ingila, dukansu da farin gashi a bakin ganye, dukansu ƙananan dunƙule masu furfura. Danginsu daban, saboda haka shafukansu sun yi nisa da juna. Abin da ke raba su mai sauƙi ne in an nuna: *Tortula* na ɗaga dogon ƙwanso a tsaye kan siririn kara, *Grimmia* kuwa tana lanƙwasa karan ta cusa ɗanyen ƙwanson cikin ganye. Sashen "masu kama da shi" ne ke ɗinke wannan ɓaraka, kuma ba ya aiki sai kowane suna ya zo da lambar shafinsa. Lambobin nan kada a buga su da hannu. A haɗa su da shafin da suke nufi a cikin manhajar tsara littafi, domin da an cusa shafi ɗaya a tsakiya, ɗaruruwan lambobi sun zama ƙarya a lokaci guda.

Akwai wata hanya. Littafin gansakukar arewa maso gabashin Amurka da maɗaba'ar Jami'ar Princeton ta fitar a 2013 ya taƙaita a iri wajen 200, ya jera su bisa abin da ido ke gani: yadda tsiron ke tashi, siffar ganye, da ko ganyen na da jijiya a tsakiya, kowane rukuni da alamar launi a bakin shafi. Ga sabon shiga wannan ya fi sauri. Da iri 750 kuwa ba zai ɗauku ba, don rukuni guda zai kumbura ya kai shafi ɗari, amfanin alamar ya ɓace. Kowanne ya dace da yawan abin da ya ɗauko.

In za a sa alamar launi a bakin shafi, sai launin ya wuce layin yanka, wato inda wuƙar maɗaba'a za ta datse takarda, da milimita 3, kuma kar a dogara da launi kaɗai. Kusan namiji ɗaya cikin 12 a arewacin Turai ba ya bambance ja da kore sosai. A sa kowace alama a tsayinta daban, a rubuta sunan rukuni a kanta.

Hoto: jiƙaƙƙe, busasshe, da layin awo

Nan ne gansakuka ta sha bamban da tsuntsu ko fure. Tsiro ɗaya kamanni biyu gare shi. *Polytrichum commune* in ya sha ruwa yakan baje ganye kamar tauraro, in ya bushe ya manne su a jikin kara ya koma siriri mai duhu. *Atrichum undulatum* a bushe yakan nannaɗe har a kasa gane shi. *Syntrichia ruralis* launin ƙasa ce a murɗe, a fesa mata ruwa cikin 'yan daƙiƙu ta buɗe ta zama kore mai haske. Masu ɗaukar hoto sun fi son jiƙaƙƙe don ya fi kyau, amma mai littafi yakan tarar da busasshe. A wasu dangi, irin *Ulota* da *Orthotrichum* da ke jikin itatuwa, yadda ganye ke murɗewa ko ya miƙe in ya bushe shi ne ma alamar ganewa. Don haka fasalin shafi ya tanadi gurbin hoto na biyu, ko ƙarami ne a kusurwar babban, kuma a rubuta a fili wanne ne busasshe.

Girma shi ne abu na biyu. Hoton dunƙulen *Leucobryum glaucum* mai faɗin tafin hannu da hoton *Bryum argenteum* da ke cikin tsagar siminti suna cika fili ɗaya a shafi. In babu awo, mai karatu zai ɗauka girmansu ɗaya. Littafin na 2010 ya sa layin awo a hotunansa, kuma wannan ce hanyar da ta fi. Rubuta "sau 10" a ƙarƙashin hoto yana ɓaci da zarar an ƙara ko an rage hoton, ko aka karanta shafin a allon waya. Layin awo kuwa yana girma yana ƙanƙancewa tare da hoton, muddin an haɗe su. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zana layin a matsayin abu daban a kan shafi, daga baya wani ya ja hoton ya cike gurbi, layin ya tsaya yadda yake. Babu mai duba rubutu da zai kama wannan. A saka layin cikin fayil ɗin hoton tun kafin a yanke shi, bisa wani hoton da aka ɗauka da rula a daidai nisan.

Lissafin kaifin hoto ba shi da wuya. Ana neman ɗigo 300 a kowane inci a girman bugu, saboda haka hoto mai faɗin milimita 125 yana bukatar ɗigo kusan 1,480 a faɗi, bayan yanka ba kafin yanka ba. Abin da ya fi kashe hotunan gansakuka shi ne ƙarancin zurfin kaifi: a irin wannan kusanci milimita ɗaya ko biyu ne kawai ke fitowa tas, saura ya dushe. In kaifin ya faɗa kan ganyen gaba alhali alamar ganewa tana jikin ƙwanso, hoton ya tashi a banza komai kyansa. Yanzu akan ɗauki hotuna da yawa a jere a haɗe su a kwamfuta don komai ya fito, amma haɗin yakan bar inuwar ƙarya a kewayen gashin ganye, sai an duba an goge.

Zane na ɗaukar abin da hoto ya kasa: siffar ganye guda, inda jijiya ta tsaya, ko bakin ganye na da haƙora. A zana abin da madubin hannu zai iya nunawa kawai. Zanen ƙwayoyin da sai maikiroskof ke gani yana cin wuri, yana kuma sa mai karatu ya yi ta neman abin da ba zai gani a daji ba.

Kore a wurin ɗab'i

Littafi ne da kusan kowane shafinsa kore ne, kuma kore na cikin launukan da tawada huɗu ta ɗab'i ta fi gazawa a kansu. Allon kwamfuta na nuna kore mai ƙyalli wanda haɗin shuɗi da rawaya ba ya kaiwa. Da an juya hoton zuwa CMYK, wato tawada huɗun nan, sai ya dakushe. Ƙarin jar tawada kaɗan a kan inji yana mayar da shi ruwan zaitun, ƙarin shuɗi kuma ya sa ya yi kamar roba. A littafin girki wannan ado ne kawai ya ragu. A nan bayani ne ya ɓaci, tunda rubutun na cewa wannan kore ne mai rawaya, wancan fari-fari, *Sphagnum capillifolium* kuwa yakan yi ja.

Hotunan irin wannan littafi daga hannun mutane da yawa suke zuwa, kowa da kyamararsa. Wani ya ɗauka da filasha, wani a ƙarƙashin itatuwa inda hasken kansa ya rine kore. Jarabar mai gyaran hoto ita ce ya daidaita su duka su yi kama, shafuka su yi kyau a jere. Yin haka yana shafe ainihin bambancin da ake sayen littafin dominsa. Mai gyara ya cire rinin haske kawai, ya dogara da wani abu marar launi a cikin hoton, dutse ko busasshen kara, sannan masanin tsiron ya duba. Dubawar a kan gwajin bugu na takarda ake yinta, ƙarƙashin fitilar D50 ta maɗaba'a mai kwaikwayon hasken rana, da ma'aunin launin da maɗaba'ar ta bayar, irin FOGRA39 da aka daɗe ana amfani da shi a Turai don takarda mai santsi. Jimillar tawada a wurare masu duhu kar ta haura kashi 300 ko abin da maɗaba'ar ta ƙayyade, in ba haka ba shafi ya shafa wa na kusa da shi.

Haruffa masu ƙaramin girma baƙar tawada zalla za a yi su da ita. Farin rubutu siriri a kan hoto, kamar lambar layin awo, yana cikewa in farantan da ke buga kowane launi suka goce ko da kaɗan, sai a yi masa kauri ko a ɗora shi a kan ƙaramin fili fari.

Taswira ma haka. Bayanan inda aka ga kowane iri a Birtaniya da Ailan ana tattara su ne a murabba'ai masu kilomita 10, kuma daga kudancin Ingila zuwa tsibiran Shetland akwai irin waɗannan wajen 120 a jere. In tsawon taswirar milimita 40 ne, kowane ɗigo sulusin milimita ke nan. Ɗigo irin wannan ba ya jure haɗin tawada biyu ko hoton da aka matse, sai zanen layi da tawada guda. A gabatarwa kuma a gaya wa mai karatu cewa farin wuri a taswira na iya nufin ba a bincika can ba tukuna.

Nauyi da ɗinki

Shafi 848 falle 424 ne. A ɗauka girman littafi A5 ne, milimita 148 da 210, takardar cikinsa ta kai murabba'in mita 13.2. Da takarda mai giram 80 a kowane murabba'in mita nauyin ya haura kilo 1 kaɗan, da mai 100 ya kai 1.3, da mai 130 ya kai 1.7, ban da bango. Mai tafiya wuni guda a tsaunukan Wales yana jin kowane giram ɗari. A rage kauri kuwa, duhun hoton baya ya riƙa leƙowa ta cikin rubutu. Tsakanin 80 da 100 ake kokawa, kuma alƙaluman hana leƙe na takardar sun fi nauyinta muhimmanci. A nemi maɗaba'a ta ɗinka littafin gwaji da farar takardar da za a yi amfani da ita, a saka shi a jaka a yini da shi kafin a sa hannu.

A ganinmu nan ne littafin ya biya kuɗin cikarsa. Abu mai irin wannan kauri na jaka ne, aljihu ba ya ɗaukarsa. Da an zubar da iri 400 da ya yi sauƙi, amma da mai neman tabbaci ya rasa abin da zai kwatanta da shi. Ga ƙungiyar da ke son mambobinta su aiko da sahihan bayanai, zaɓin cika ya fi.

Takarda mai santsi tana fitar da hoto da kyau, amma in ta jiƙe ta bushe a matse, shafuka sukan manne, a ɓamɓare su hoto ya tashi. Mai ƙyalli sosai kuma tana haske ido a rana. Mai santsi marar ƙyalli ita ce tsaka-tsaki. Zaren takarda, wato inda zaruruwan cikinta suka fuskanta, ya bi tsawon gadon bayan littafi, gefen da ake ɗinke shafuka. In ya gitta, littafin ba ya buɗuwa sosai, kuma laima na sa shafuka su yi kunya-kunya.

Ana buga shafuka ƙunshi-ƙunshi, galibi 16 ko 32, kuma 848 ƙunshi 53 ne na 16 daidai. Ƙarin shafi ɗaya tak yana jawo sabon ƙunshi ko rabinsa, don haka fihirisa da mabuɗin tantancewa (jerin tambayoyin da ke kai mutum ga sunan tsiro) a ƙiyasta tsawonsu tun farko. Fihirisar za ta fi yadda ake zato tsawo, domin sunaye na canzawa: wanda ya san *Eurhynchium praelongum* dole ya same shi a nan, a tura shi zuwa *Kindbergia praelonga*. Littafi mai wannan kauri ɗinkin zare yake so. Gam mai zafi na gama-gari yana ƙagewa a sanyi ya tsage, shafuka su fara zubewa daga tsakiya. In kuɗi bai kai ɗinki ba, a nemi gam ɗin da ake kira PUR, wanda ya fi jure sanyi. Gefen ciki na shafi a bar masa milimita 15 zuwa 18, don kar bakin rubutu ya nutse a lungu.

Bango

Littafin na 2010 ya fito da bango mai lanƙwasuwa da kariyar roba, abin da za a ajiye a jiƙaƙƙen dutse a goge laka da hannun riga. Bango mai tauri yana ƙara nauyi, kusurwoyinsa su farfashe. Kwali mai laushi da aka yi wa laminetin, wato aka manna masa siririyar roba, a fuska ɗaya yakan naɗe in ya sha laima, domin cikin na kumbura wajen bai motsa ba. Laminetin marar ƙyalli yana nuna ƙarzuwa da tabon yatsa a kan launi mai duhu, mai ƙyalli ya fi jure wahala.

Faɗin gadon baya lissafi ne: yawan falle sau kaurin falle ɗaya. Falle 424 a kan milimita 0.08 ya ba da kusan 34. Kuskuren 0.005 kacal a kaurin takarda yana zama sama da milimita 2, wanda ya isa ya zubo da launin gadon baya zuwa fuskar littafi. Saboda haka adadin daga littafin gwajin maɗaba'a ake ɗaukarsa da awo, ba daga takardar talla ba. Da A5 da gadon baya 34 da rarar yanka 3 a kowane gefe, fayil ɗin bango zai zama milimita 336 da 216. Dabarar da ke rage haɗari ita ce a bar launi ɗaya ko hoto ɗaya ya zagaye gadon baya, yadda gocewar milimita ɗaya ba za ta nuna ba.

Hoton fuska yana da tarko nasa. Shimfiɗar gansakuka da aka ɗauka daga nesa, in aka rage ta zuwa girman tambarin wasiƙa a shagon intanet, koren tabo ce kawai. Abin da ke aiki shi ne siffa mai tsari da launi na biyu: jajayen karan ƙwanso a kan kore, ko taurarin *Polytrichum* daga sama. Tsiron da ke bango ya kasance yana cikin littafin, an tabbatar da sunansa, an rubuta shi a baya, domin masu sayen littafin za su ɗora masa ido kafin su karanta take. Taken ya faɗi yankin da littafin ya shafa da manyan haruffa, kada a ɗora shi kai tsaye a kan ganye masu yawan zane.

Bayan bango wuri ne na aiki. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, da zanen layukanta baƙi zalla a kan fari. Rula ta milimita a bakin bango tana da amfani ga tsiron da ake aunawa da milimita, amma a ja kunnen maɗaba'a kar ta rage fayil ɗin ko da kashi ɗaya cikin ɗari, kuma sifirin rular ya fara daga ciki kaɗan, tunda wuƙar yanka na iya gocewa da milimita guda. In gwajin bugu ya iso, a ɗora rular ƙarfe a kanta a gani. Cikin bangon gaba kuma ya ɗauki zanen sassan tsiro da sunayensu tare da jerin rukunai da lambobin shafinsu, a bar milimita 6 zuwa 8 ta wajen gadon baya babu tawada babu laminetin, domin nan gam ke kamawa.